DARASIN WANNAN WATA: SIMINTI BA ƘASA BA NE

Domin ƙungiyoyin manoma na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. A karanta shi a taron ƙungiya kafin a fara aikin rani.

 Idan an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai ƙungiyoyinmu su juya ga aikin gini. Wata ƙungiya za ta ɗaure rijiya da siminti. Wata za ta gina sito domin ajiye taki da iri. Wata za ta yi kwalbati a hanyar kasuwa, wata kuma murfin salga a makaranta. Daga Sundimina da Kantoga har Sara da Fagam da Basirka, yawancin wannan aiki da gayya muke yinsa, gama ba mu da kuɗin ɗaukar ɗan kwangila.

Wannan abu ne mai kyau. Amma manomin da ya karya baya a watan Maris, wa zai yi masa noma a watan Yuni? Raunin da mutum ya samu da rani, iyalinsa ne za su biya da damina. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wannan darasi tare.

1. ABIN DA MUKA GADA

Mu duka mun san ginin ƙasa tun muna yara. Ana kwaɓa ƙasa da ƙafa, a yi tubali da hannu, a yi yaɓe da tafin hannu. Idan bango ya bushe, a ɗora wani a kansa. Wannan ilimi ne na gaske, ya kuwa daɗe yana yi mana amfani.

Siminti baƙo ne idan an gwada shi da ƙasa. A Ingila aka fara yin irinsa, inda wani magini mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistarsa a 1824. Masana'antar Ashaka da ke jihar Gombe ta fara fitar da shi a 1979. Yau ya shiga kowane ƙauye. Amma hannuwanmu ba su manta da ginin ƙasa ba, sai mu riƙa yi wa siminti yadda muke yi wa laka. Nan ne yawancin haɗari yake fitowa.

Abu uku ne za mu riƙe. Siminti yana cin naman mutum. Kankare ya fi yadda ido ke gani nauyi. Bushewarsa kuma dabam, ƙarfinsa dabam. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

2. SIMINTI YANA CIN NAMA

Ana yin siminti da farin dutse da yumɓu, a gasa su a wuta mai zafin kusan digiri 1,450, sa'an nan a niƙa. Idan garin nan ya gamu da ruwa, sai ya zama abu mai cin fata. Matanmu masu yin sabulu sun san yadda soda take cin hannu. To, ɗanyen kankare ɗan'uwan soda ne. A ma'aunin masana, ruwan sha yana kan 7, ɗanyen kankare kuwa yana kan 12 zuwa 13, alhali iyakar ma'aunin 14 ne.

Muguntarsa ita ce ba ya zafi nan da nan. Wuta tana gargaɗi, mutum ya janye hannu. Siminti ba ya gargaɗi. Mutum zai durƙusa a kan ɗanyen daɓe, ko kankare ya zuba cikin takalminsa, ya wuni yana aiki ba ya jin kome. Sai da dare ya ga fata ta yi baƙi ta saɓule. Wani lokaci ƙunar takan yi zurfi har sai likita ya yanko fata daga cinya ya dasa a wurin.

Akwai kuma ciwon da ke zuwa a hankali. Cikin siminti akwai ɗan sinadari da ake kira kuromiyam. Shi ne yakan sa hannun tsohon birkila ya tsattsage, ya yi ta ƙaiƙayi yana fid da ruwa. Idan jiki ya riga ya ƙi shi, da wuya ya rabu da mutum. Saboda wannan ne ƙasashen Tarayyar Turai suka taƙaita yawansa cikin siminti tun 2005.

Ga abin da za mu yi:

Kada kowa ya kwaɓa siminti da ƙafa, ko ya yi yaɓe da hannu. A yi aiki da shebur da cokalin gini.

Masu kwaɓi su sa dogon takalmin roba, su sauke ƙafar wando a bisa takalmin. Idan an cusa wando a ciki, kankare zai sami hanyar shiga. Silifas ba takalmin aiki ba ne.

A sa safar hannu ta roba mai kauri. Ta yadi takan jiƙe ta riƙe siminti a jikin fata, ta fi rashinta muni.

Masu ɗaukar kwanon sarki su sa leda a bisa gammo, kada ruwan siminti ya gangaro wa wuya da ido. Kada a cika kwano fal.

Mai shafe daɓe ya durƙusa a kan katako.

Idan siminti ya taɓa jiki, a tuɓe rigar ko takalmin nan take, a kwarara ruwa mai tsabta na minti 20. Idan ido ne, a buɗe shi da yatsu, a yi ta zuba ruwa da buta mai tsabta na minti 20, kada a murza, sa'an nan a kai mutumin asibiti a ranar. Kada a shafa man ja, ko baƙin mai, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai. Ruwa kaɗai, da yawa.

3. ƘURA

Ƙasarmu ƙasar duwatsu ce, har zanen mutanen dā da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ya sa an san garin a nesa. Sau da yawa da hannu ake fasa tsakuwar da muke aiki da ita. Cikin irin wannan dutse, da cikin yashi, akwai abin da ake kira silika. Idan ana fasa dutse, ko ana yanka bulo da inji a bushe, ƙurar da ta fi kowace laushi takan shiga can cikin huhu ta zauna. Bayan shekaru sai huhu ya taurare, mutum ya kasa hawa tudu ba tare da haki ba. Sunan ciwon silikosis. Ba shi da magani, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Maganin ƙura ruwa ne. A jiƙa dutse kafin a fasa. A zuba ruwa a bakin inji lokacin yanka. A yayyafa ruwa kafin a share sito. Mai zazzage buhu ya juya wa iska baya, ya zazzage a hankali kusa da ƙasa. Rawani ko ƙyalle a hanci yana tare babbar ƙura, amma ba ya tare mai laushin nan. A sayi takunkumin ƙura na gaske domin masu fasa dutse da masu yanka. Mai fasa dutse kuma ya sa tabarau na aiki, gama ɓarɓashi ɗaya ya isa ya tsiyaye ido.

4. NAUYI

Bari mu yi ɗan lissafi. Buhun siminti kilo 50 ne. Kankare mai tsawon mita 1, faɗi mita 1, tsayi mita 1, nauyinsa kusan kilo 2,400 ne. Idan muka zuba rufin kankare, wanda magina ke kira dakin, a ɗaki mai mita 4 kowane gefe, kaurinsa santimita 15, nauyinsa ya kai kilo 5,760. Watau kamar buhun masara 57 ke nan mai kilo 100, a bisa kan mutane. Zoben rijiya ɗaya mai faɗin mita 1 yana iya wuce kilo 350.

Wanda ya san wannan ba zai tokare rufi da ɓusasshen karan gora da gara ta ci ba. Sandunan tokara su zama masu ƙarfi, su tsaya a miƙe. A sa katako mai faɗi a ƙarƙashin kowace sanda, kada ta nutse idan ƙasa ta jiƙe. A ɗaure su da juna a gicciye. Kada a ɗora sanda a kan bulo da aka jera. Lokacin da ake zuba kankare a sama, kada kowa ya zauna a ƙarƙashi domin shan inuwa. Kada kuma a tara kankare tsibi a wuri guda, sai a baza shi yadda yake zuwa.

Wajen ɗaukar buhu, mutum ya lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, buhu a jikin ƙirji. Mutum biyu ga buhu ɗaya ba abin kunya ba ne. Inda baro zai shiga, a bar baro ya yi aikin.

5. BUSHEWA DABAM, ƘARFI DABAM

Wannan shi ne babban wurin da sabon ginin ƙasa yake ruɗin mutane. Ƙasa bushewa take yi ta yi ƙarfi. Kankare kuwa ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Siminti da ruwa suna aiki tare a cikinsa kwana da kwanaki. Idan rana ko iskar hunturu ta shanye ruwan da wuri, aikin ya tsaya ke nan, kankare ya zama mai gautsi ko da ya yi fari fat.

Bayan kwana 7 kankare yakan sami kamar kashi 2 cikin 3 na ƙarfinsa. Sai a kwana 28 ne injiniyoyi suke lissafa cikakken ƙarfinsa. Sanyi kuma yana rage masa sauri.

Manyan ƙasashe ma sun sha wahalar gaggawa. Ran 27 ga Afrilu, 1978, a wani wuri mai suna Willow Island a Amurka, ana gina doguwar hasumiya ta tashar lantarki. Gadon da ma'aikata suke tsaye a kai yana rataye ne a jikin kankaren da aka zuba jiya-jiya. Kankaren bai yi ƙarfi ba, ya ɓalle. Mutum 51 suka faɗo, ba wanda ya tsira. A ƙasarmu kuma, ran 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a Ikoyi, Legas, ya rushe, mutum fiye da 40 suka mutu, da yawansu ma'aikata ne masu neman abin da za su ci. Namu gine-ginen ƙanana ne, amma rufin sito ya isa ya danne mutum biyar.

Saboda haka:

A kiyaye awo. Ga ginshiƙi da rufi da murfin salga, awon da aka saba shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, in dai injiniya bai faɗi wani ba. Kada a ƙara yashi domin buhu ya yi auki. Kada a tsinka kwaɓi da ruwa domin ya yi sauƙin zubawa.

A rufe sabon kankare da buhunan algarara ko ciyawa, a riƙa jiƙa shi safe da rana da yamma, aƙalla kwana 7.

Katakon gefe ana iya cire shi bayan kwana 2. Tokaran rufi kuwa su kwana 14, na doguwar gadar kankare mai ɗauke da rufi su kwana 21. Sakatare ya rubuta ranar zubawa a jikin bango da gawayi, kowa ya gani.

Idan kafinta ya matsa yana son katakonsa domin wani aiki, a biya shi hayar mako guda. Sauri ya haifi nawa.

Rufin kankare, da gada, da tankin ruwa na sama, ba a yinsu sai da shawarar wanda ya koyi aikin. A nemi ma'aikatan sashen ayyuka na ƙaramar hukuma su duba rodi kafin a zuba.

6. SAMA DA ƘASA

Faɗuwa daga sama tana cikin manyan abubuwan da ke kashe magina a duk duniya. Tun dā an san wannan. Cikin Maimaitawar Shari'a, sura 22, aya 8, an ɗora wa mai sabon gida alhakin kewaye rufinsa domin kada wani ya faɗo. Alhakin yana kan mai gini, a nan kuwa ƙungiya ce mai gini.

Tsani ya zarce bakin bango da mita 1, a ɗaure kansa. Idan tsayinsa ƙafa 4, gindinsa ya nisanci bango da ƙafa 1. Gadon katako da magina ke tsayawa a kai ya zama mai faɗi, da abin dafawa a baya. Kada a ɗora katako a kan gangar da ba kome a ciki. Rodin da ya tsaya tsirara, a lanƙwasa kansa ko a kifa masa gwangwani. A duba sama kafin a ɗaga rodi, gama tsawonsa mita 12 ne, yana iya taɓa wayar lantarki. Katakon da aka cire, a zare ƙusoshinsa nan take.

Mai aiki kusa da injin kwaɓi ya tuɓe babbar riga da rawani mai jela. Kada a sa hannu ko shebur cikin inji yana juyawa.

Rami kuma yana da nasa haɗari. Ƙasa mai yashi takan zabtare ba sanarwa. Idan rami ya wuce ƙafa 4, a tokare gefensa da katako ko a faɗaɗa bakinsa. A zuba ƙasar da aka haƙo nesa da baki, kamar mita 1. Idan mun yanke hanya domin kwalbati, tilas a tare ta da itace da duwatsu tun daga nesa, ta kowane gefe, a kuma buɗe wata hanyar ratse. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agusta na 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, motoci suka afka ciki, mutum 21 suka rasu. Wancan ambaliya ce ta jawo shi. Amma ramin da muka haƙa da hannunmu muka bari a buɗe da dare, haka zai yi wa mai babur.

7. CIKIN RIJIYA

Ɗaure rijiya shi ne aikinmu mafi haɗari, domin nauyi da rami da rashin iska duk sun haɗu a wuri guda.

Kada kowa ya kasance a ciki lokacin da ake saukar da zobe. A rataya zobe a kan ƙafafu uku masu ƙarfi, da igiyar da aka bincika taƙi-taƙi a safiyar ranar. Mai shiga ya sa hular kwano, a ɗaura masa igiya ta dabam a ƙirji, mutum biyu kuma su tsaya a baki ba su da wani aiki sai lura da shi. A share bakin rijiya, kada a bar dutse ko guduma kusa.

Iskar ƙasan rijiya tana iya lalacewa ba wari ba launi. Kafin a shiga, a saukar da fitila mai ci. Idan ta mutu ko ta yi dushi-dushi, kada a shiga. A yi ta jan reshe mai ganye sama da ƙasa har iska ta sauya, a sake gwadawa. Amma mu lura da abu biyu. Kada a saukar da wuta cikin salga ko ramin ƙazanta, gama iskar wurin tana iya kamawa. Fitila kuma ba ta nuna gubar hayaƙin inji. Saboda haka injin ban ruwa mai fetur ba ya shiga rijiya, ba a kuma ajiye shi inda hayaƙinsa zai gangara ciki.

Idan na ciki ya yi shiru, a jawo shi da igiyarsa. Kada wani ya diro domin ceto. A 1986 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi cewa cikin waɗanda suke mutuwa a irin waɗannan ramuka, fiye da kashi 60 cikin 100 masu zuwa ceto ne. Iskar da ta kayar da na farko, ita za ta kayar da na biyu.

8. IDAN TSAUTSAYI YA FAƊA

Wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi zaune, kada a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a kan ƙofa ko faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa kada ya juya, a nemi mota. Idan jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. Idan rodi ya soke mutum, kada a zare shi, a tallafe shi da tsumma a tafi da shi haka. Wanda ya taka ƙusa ya wanke wurin da sabulu, ya je a yi masa allurar tetanus, watau ciwon nan mai sarƙe haƙora. Babban rauni a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibitin da ya fi kusa, ba tare da an tsaya neman mai ɗori ba.

A watan Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. A fara zuba kankare da asuba, a huta da tsakar rana, randar ruwan sha ta kasance a inuwa.

9. AIKIN ƘUNGIYA

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2005 cewa aƙalla mutum 60,000 suke mutuwa kowace shekara a wuraren gini. A Nijeriya akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa, inda mai ɗaukar ma'aikata yake biyan kashi 1 cikin 100 na albashinsu. Amma ɗan gayya ba shi da albashi, ba shi da takardar ɗaukar aiki. Mu ne gatansa. Saboda haka muna ba kowace ƙungiya shawara ta yi abu huɗu.

Na ɗaya, a zaɓi mutum ɗaya, namiji ko mace, ya zama mai lura da lafiya. Ba ya ɗaukar kwano, ido ne aikinsa. Idan ya ce a tsaya, a tsaya, ko da shugaba ne a kan tsani.

Na biyu, a sa kuɗin takalma da safar hannu da hular kwano da igiya cikin kasafin gini tun farko, tare da siminti da rodi. Kayan ƙungiya ne, a ajiye su a sito domin aikin baɗi.

Na uku, a ware kuɗin asibiti da na mota kafin a sayi buhu na farko. A san direban da za a kira.

Na huɗu, yara ba sa ɗaukar kankare, ba sa wasa a wurin gini. A rufe gangunan ruwa, gama ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ciki. Mata masu goyo su kawo ruwa su tsaya nesa da ƙura.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne halaye na ginin ƙasa ne muke kawowa cikin aikin siminti?
2. Me ya sa ƙunar siminti ta fi ta wuta ruɗi? Me za mu yi idan ya shiga idon wani?
3. Kwana nawa tokaran rufi za su yi? Wa zai rubuta ranar?
4. Idan na cikin rijiya ya yi shiru, mene ne aikin kowane ɗayanmu?
5. Wa za mu zaɓa mai lura da lafiya a wannan shekara, nawa kuma za mu ware domin kayan aiki?

Sakatarori su rubuta abin da ƙungiya ta yanke, su kawo a taron gaba. Allah ya ba mu rani lafiya, ya kai mu damina da ƙarfinmu.